Ƙanzon Delu da Bajimin Ado

A Tudun Goriba, wani ƙauye cikin yankin Dogo, babu bikin da aka taɓa yi a ce Delu ba ta sha hayaƙinsa ba. 'Yar Tirmini ce, aure ya kawo ta. Gajeriya ce, baƙa, mai damtse kamar na maƙeri, kuma idan ta riƙe muciya ko mai gari ba ya tsaya mata a hanya. Mijinta Idirisu mutum ne mai sanyin hali, ya yi zamansa lafiya, ya rasu lafiya, ya bar mata gona ɗaya da jikoki da wata tsohuwar akuya da ba ta haihuwa ba ta mutuwa.

Suna, aure, sadakar mamaci, duk ita ake kira. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce a ba ta wani abu ba, don a garin akwai ƙa'idar da ta girmi kowa: wadda ta yi girki ita ke da ƙanzo. Abin da ya kama a gindin tukunya nata ne, ko amarya ba ta isa ta sa hannu ba. Delu takan kankare shi, ta shanya a saman rumfa, in ya bushe ta jiƙa ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da barkono. Da shi ta yi renon jikokinta a shekarun da gero ya ƙi. Wanda bai taɓa cin kwaɗon ƙanzon Delu ba, kada ya sa baki in ana hirar abinci.

Akwai lekol a garin, wato makarantar boko, mai ɗakuna uku na bulo da rumfar zana ɗaya. Direktan, wato shugabanta, wani saurayi ne daga Birnin Zinder, siriri, mai son guga, ana ce masa Mushe Khalid, don Mushe ake kiran malamin lekol. Kafin a kawo kantin, wato ciyar da yara a lekol, aikinsa rabi koyarwa ne rabi farauta. Yara su zo da safe, hantsi ya yi su ce za su je gida shan fura, shi ke nan sai gobe. Waɗanda suka daure suka zauna kuwa, kai a kan tebur, Mushe yana ta fama da baƙaƙe a allo su suna mafarkin tuwo. 'Yan Zango, wata 'yar unguwa can bayan tudu mai nisan tafiya, ba a ma ganin ƙeyarsu.

Sai wata shekara masu taimako suka ce za a riƙa dafa wa 'yan lekol abinci. Shi ne kantin. Aka kawo shinkafa da wake da mai da gishiri, da wasu tukwane biyu da mutum zai iya wanka a ciki. Iyaye su kawo ice da ruwa, mata su yi girki. Ba a ma yi shawara ba, Delu ce shugabar murhu, da wata maƙwabciyarta Hafsa tana taya ta.

Kafin wata ya zagayo lekol ta cika har ta tumbatsa. Yaron da uwarsa ke bi da tsumagiya da, yanzu shi ke tada ta da safe ta nemo masa icen da zai kai. 'Yan Zango suka gangaro a jere. Wani da gemu ya fara tsiro masa ya zo ya rantse shekarunsa takwas. Mushe ya yi apel, wato kiran suna, kowa ya amsa, ya yi tambaya yatsu su tashi sama kamar karan gero. Har ya daina ramewa.

Delu kuwa ta samu ƙanzo irin wanda ba ta taɓa gani ba: biki kullum, ban da Asabar da Lahadi. Gaskiya dai, akwai ranakun da ice ɗaya kan zame mata ya shiga murhu daidai lokacin da ya kamata a rage wuta. Amma ba ta taɓa rage wa yaro ludayinsa ba, wannan ko maƙiyinta ya sani.

To, sai Ado.

Ado ƙanin marigayi Idirisu ne, kuma shi ne shugaban komiten iyayen yara. Tun ranar da aka zaɓe shi ya daina amsa sunansa, sai an ce Parzidan. Delu kaɗai ke kiransa Ado tsurarsa, don ta san shi tun yana yawo ba wando, kuma tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa, kowa na iya faɗa wa kowa abin da ya ga dama a yi dariya a watse. Gidansa na manne da lekol, zana ɗaya ce ta raba turken dabbobinsa da inda ake girki. A wannan shekarar ya sayo wani bajimi a kasuwar Mirriya don kiwo, ramamme, haƙarƙari a waje, kamar an rataya fata a danga. Ga dusa ta yi tsada.

Wata rana bayan azahar maza suna zaune a gindin bishiyar bedi a ƙofar lekol, Delu ta fito da ƙwaryar ƙanzo a ka.

Ado ya ce, “Matar yaya, wannan kaya haka, ƙaura za ki yi?”

Ta ce, “Gidanka zan koma, Ado, in ga ko za ka iya ciyar da ni.”

Aka yi dariya. Ado ya gyara hula.

“Ni fa na kasa gane wa ake dafa wa abinci a lekol ɗin nan, yara ko gindin tukunya. An ce matar yaya in ta ga shinkafa ta kusa nuna, sai ta ƙara ice ta tafi gaisuwar mutuwa. Yara su ci sama, ita ta kwashe ƙasa. Ai ko ɓera ya fi haka kunya.”

Aka sake dariya, amma ba ta kai ta farko ba. Shi kuma bai tsaya ba. Yana murmushi ya ce komite ta zauna, ta ga cewa ƙanzo dukiyar lekol ce, ba na biki ba ne, saboda haka daga yau za a riƙa kai shi gidan Parzidan a adana kafin a san yadda za a yi da shi.

“Sauke mana nan, matar yaya, kada wuyanki ya sage.”

Delu ta dubi mazan ɗaya bayan ɗaya. Akwai waɗanda ita ta dafa tuwon sunansu. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ta sauke ƙwaryar a gaban Ado, ta warware gammonta ta kaɗe, ta wuce.

Ta je wajen mai gari. Tsohon ya saurare ta, ya ce, “Haba Delu, ke da Ado? Ai wasa ne tsakaninku.” Ta je wajen Mushe Khalid, ya ce shi baƙo ne, maganar komite ba tasa ba ce. Ba ta ga laifinsa sosai ba, a ɗakin Ado yake haya. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne an kira ta ɓarauniyar abincin yara a gaban maza, kuma an naɗe maganar cikin wasa yadda ba ta da inda za ta kai kuka. Kashegari a rijiya wata yarinya da ba ta kai jikarta ba ta ce mata, “Gwaggo, yau ma za a je gaisuwar mutuwa?”

Ba a jima ba ta gano inda ake adana dukiyar lekol. Tana wanke tukunya ta ji ana tauna a bayan zana. Ta leƙa ta wata kafa. Ga bajimin Ado, kai cikin kwatarniya, yana zuƙar jiƙaƙƙen ƙanzo har da lumshe ido.

Ta daɗe a tsaye tana kallonsa. Hafsa ta zo ta leƙa, ta dafe ƙirji.

“Yaya Delu, mu ajiye aikin nan. Su nemo wadda za ta sha musu hayaƙi a banza.”

“In na ajiye ai na gaskata shi. Gobe ya kawo ƙanwar matarsa, a ce ɓarauniya ta gudu.”

“To mu tara mutane su zo su gani.”

“Su ga me? Sa yana cin ƙanzo? Ya ce ya lalace ne aka ba dabba, a yi dariya a tashi.” Delu ta koma ta zauna a kan turmi. “Sai ya yi ƙibar da ba za ta ɓoyu ba. An ce ina ƙonawa da gangan. Ado bai taɓa ganin gangan ba.”

Daga ranar wutar kantin ta canja. Delu ta riƙa cusa ice kamar mai gasa tukwane. Shinkafa ta kama, ta ƙone, ƙanzo ya yi kaurin tafin hannu. Kullum matar Ado ta zo da roba, ta koma ta ɗauko babba. Delu ta taya ta ɗorawa a ka, har da cewa, “A gaida Parzidan, a ce Allah ya ƙara wa lekol dukiya.”

Abin da ya tafi gindin tukunya kuwa daga kwanon yara ya fito. Ludayi biyu ya koma ɗaya da rabi, ya koma ɗaya, ga ƙauri har cikin hanci. Delu ta san haka sarai. In tana rabo ba ta kallon fuskokinsu, kwanonin kawai take kallo. Jikokinta ma suna cikin layin, ba ta ƙara musu ko ƙwaya ba.

Bajimi ya fara cika. Haƙarƙari suka ɓace, fata ta yi sheƙi, tozo ya miƙe ya fara kwantawa gefe. Delu ba ta taɓa zargin kowa ba, yabo kawai take yi. A rijiya ta ce, “Kun ga san Parzidan kuwa? Tubarkalla. Kuma ko sau ɗaya ban ga an shiga da buhun dusa gidan ba, ikon Allah.” A gidan suna ta ce, “Ni dai na ga dabba mai albarka. Yaranmu suna ramewa shi yana ƙiba, zana ɗaya ce tsakani.” Sai ta ja bakinta ta bar mata da lissafi. Yara kuwa, da yake su ba su iya ɓoye-ɓoye ba, suka raɗa wa bajimin suna Piremiye, wato na ɗaya a kilas.

Akwai kuma wani ɗan aiki da ta ɗora wa kanta. Ruwan wankin tukwane, maimakon ta watsar a fili kamar da, sai ta riƙa kai shi gindin zana tana tsiyayawa a hankali, daidai inda aka kafa turken bajimin ta wancan gefe. Hafsa ta tambaye ta dalili, ta ce tana so ta shuka kabewa.

Lekol ta fara zubewa. Masu shan fura suka koma shan furarsu. Waɗanda suka rage suka koma kwanciya a tebur. Wata rana wata mata daga Zango, Zuliha, doguwa marar yawan magana, mai 'ya'ya uku a lekol, ta biyo su ta ga abin da ke sa su dawowa gida suna kuka. Ta karɓi kwanon ƙaraminsu ta ɗanɗana. Ta zagayo murhu, ta dubi tukunya, ta durƙusa ta dubi wutar.

“Gwaggo, wannan wutar ta shinkafa ce?”

“Icen bana ne, 'yata, ba ya jin magana.”

Zuliha ta tattara 'ya'yanta a tsakiyar rana ta yi gaba. Mako bai ƙare ba, babu ɗan Zango ko ɗaya a lekol.

Mushe Khalid ya zo murhu da kansa, yana kare farar rigarsa daga hayaƙi.

“Inna Delu, don Allah me ke faruwa? Da safe in yi apel rabin kilas shiru. Yarinyar da ta fara karatu tiryan-tiryan jiya na tambaye ta, ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba.”

“Mushe, ni jahila ce, girki kawai na sani. Shi ma an ce ban iya ba.”

“Masu kawo abincin sun ce in yara ba sa zuwa za su mayar da kantin wani gari.”

Wannan ta taɓa ta, don muciyar ta tsaya a hannunta. Amma ta ci gaba da juyawa.

“To ka tara iyaye mana. Ka kira mai gari, ka kira 'yan Zango, kowa ya zo. A yi shi da hantsi, lokacin da abinci ke kan wuta, kowa ya gani da idonsa.”

Mushe ya ji daɗin shawarar, har ya yi mata godiya. Aka sa ranar Alhamis ta sama.

Daga nan sai ga wani abin mamaki: wutar kantin ta shiryu. Shinkafa ta riƙa fitowa fara tas, gindin tukunya kamar an lashe. Matar Ado ta zo da roba ta koma da ita wayam. Kashegari haka, wanshekare haka. Bajimin da ya saba da mai da gishiri aka zuba masa karan dawa, ya shinshina ya kau da kai. Da zarar ya ji motsin tukunya a bayan zana sai ya hau kuka yana fizgar igiya. Ado ya leƙo ta saman zana.

“Matar yaya, ina dukiyar lekol kwana biyu?”

“Na tuba ne, Ado. Ba kai ka yi mini wa'azi ba?”

Ranar Alhamis gindin bedi ya cika. Mai gari ya zo a amalankensa, aka bar shanunsa biyu a ɗaure da shi a gefen fili suna tuƙa. Mata suka zauna ta baya, 'yan Zango a gefe guda, Zuliha a gabansu. Yara suka maƙale a tagogi. A can murhu Delu ta cusa ice har tukunya tana ƙara, ƙauri ya game filin. Ta kwashe abin da ya kwasu ta rufe, ta zauna tana jira da guntun ƙarfen da take kankara da shi.

Mushe ya yi bayani a taƙaice: yara sun daina zuwa, karatu ya koma baya, kantin na shirin tafiya. Sai Ado ya miƙe, babbar riga har ƙasa. Ya yi salati, ya gode wa mai gari, ya ce abin yana masa ciwo don a gidansu yake.

“Kun dai ji ƙauri da hancinku. Matar yayana ce, uwa ce a wurina, amma amana ta fi zumunci. Tun da aka hana ta kwashe abincin yara take huce haushi a kan tukunya. Komite na ganin a sallame ta da mutunci. Akwai wata yarinya mai tsabta, ƙanwar mai ɗakina...”

A nan Delu ta kwantar da tukunya ta sa ƙarfe. Ƙarar kankarar ƙanzo ba ta da daɗin ji ko a ranar lafiya, balle an yi ta da niyya. Ta kankara, ta dakata, ta sake kankarawa.

Daga bayan zana aka amsa da wani irin kuka mai kauri. Ado ya ɗaga murya. Delu ta ƙara ƙarfi. Sai zana ta yi ciki, ta kwanta, ga Piremiye ya fito yana jan igiya, turke na biye da shi da dunƙulen laka a gindi. Maza suka watse, wani ya bar takalmi, liman ya tsinci kansa a kan amalanke bai san yadda ya hau ba. Bajimin bai kula kowa ba. Bai dubi buhun wake ba, bai dubi randar ruwa ba. Ya zagaya murhu kamar wanda aka haifa a wurin, ya tura kai cikin tukunya har wuya.

Delu ta matsa gefe tana goge hannu da zane.

“Ku bar shi ya ci. Ɗan lekol ne. Duk yaran garin nan shi kaɗai ne bai taɓa fashi ba.”

Yara a tagogi suka ɗauka: “Piremiye, Piremiye.” Mushe ya juya zai tsawata musu, dariya ta ci ƙarfinsa, ya shige kilas.

Ado ya ce, “Jama'a, dabba ce. Kowace dabba ta ji ƙanshin abinci za ta zo.”

Delu ta nuna shanun mai gari da haɓa. Suna nan inda aka bar su, suna tuƙa, ko kunne ba su kaɗa ba.

“Waɗancan ba su da hanci ne? Ko su ba a sa su lekol ba?”

Wani dattijo ya ɗebo harawa daga amalanke ya kai wa bajimin har baki. Ya ture ta da hanci ya koma tukunya. Wata mata daga baya ta ce ita dama ta daɗe tana mamakin san da ke kashi da ƙwayar shinkafa. Daga nan kowa ya tuna abin da ya daɗe da sani. Mai gari ya ce a kira matar Ado. Ta zo tana rufe fuska, aka tambaye ta ina dukiyar lekol da aka adana. Ta dubi mijinta, ta dubi bajimin, ta ce, “Ga ta nan tsaye.”

Ba a daɗe ana gardama ba. Aka sauke Ado daga komite nan take. Maganar bajimi ce ta ɗauki lokaci, wasu na cewa a bar masa kayansa, wasu na cewa ai ƙashin ne nasa, naman na yara ne. Mai gari ya raba: a yanka, rabi na Ado, rabi na kantin. Ƙanzo kuma ya koma inda kakanni suka bar shi, hannun mai girki.

Delu ta ce, “Ranka ya daɗe, tozon fa? Ni na gina shi.”

Aka ce tozo nata ne. Ta je har gaban Ado, wanda ya zauna a kan tushen bedi, hula a gwiwa. Ta rage murya, amma ba yadda na kusa ba za su ji ba.

“Kada ka riƙe ni a rai, ƙanin miji. Ai wasa ne tsakaninmu.”

Shi ma yanzu ya rasa inda zai kai ƙara.

Mutane sun fara kaɗe riguna sai Zuliha ta miƙe. Ba ta saba magana a taron maza ba.

“Ranka ya daɗe, an hukunta mai sa, an hukunta sa. Amma sa ba ya hura wuta. Ni na ga wutar nan da idona. 'Ya'yana sun yi ta taka tudu da yunwa suna dawowa da yunwa, don manya biyu suna faɗa a kan gindin tukunya. Babbar 'yata ta manta rabin abin da ta koya.”

Delu ba ta musa ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

Mushe ya leƙo daga ƙofar kilas. “To yanzu 'yan Zango za su dawo?”

“Za su dawo in ni ce a bakin murhu. Gwaggo ta riƙe muciyarta, ba wanda ya fi ta. Ƙanzo nata ne, ban ce a hana ta ba. Amma ice, ni zan sa, ni zan cire.”

Mai gari ya dubi Delu. Delu ta dubi tozon da bai riga ya bar jikin mai shi ba. Ta ce ta yarda.

Aka yanka Piremiye ranar Litinin. Yaran da suka zo ranar, har da waɗanda ba a taɓa rubuta sunansu ba, Mushe ya kama su duka ya zaunar a kilas kafin a sauke tukunya. 'Yan Zango suka dawo a jerensu, kantin ya zauna. Ado ya gyara zanarsa, ya ƙara mata tsawo, ya koma bi ta bayan gari in zai je masallaci. Babu mai ce masa Parzidan sai yara, su ma daga nesa.

Zuliha kuwa ta cika alkawari fiye da yadda aka so. Kullum tana riga Delu zuwa, ta zauna a kan dutse a bakin murhu, idonta a kan wuta. Shinkafa na fara tsotsewa za ta janye ice ta bar garwashi. Ƙanzon da Delu ke samu yanzu bai fi kaurin ganyen kuka ba, in ta shanya a rumfa sai ta danne da dutse don kada iska ta ɗauka. Ba sa gaba, ba sa hira. Delu ta tura ice da ƙafa kamar ba da saninta ba, Zuliha ta jawo shi ta kashe a ƙasa, ba wadda ta dubi wata.

Wata rana suna jiran a tashi yara, ana jiyo su daga kilas suna bin Mushe da karatu da ƙarfi har rumfa na amsawa, Hafsa ta dubi ɗan abin da ke cikin ƙwaryar Delu ta yi dariya.

“Yaya Delu, duk wannan yaƙin a kan wannan? Da kin san haka za ta ƙare, da kin yi?”

Delu ta juya ƙwaryar tana dubawa.

“Kuskure ɗaya na yi. Na yi gaggawar kiran taro. Da ma na bari bajimin ya ƙara ko wata guda yana ci. Tozon nan bai ishe ni ba.”

Zuliha ta miƙa hannu ta zare wani ice daga murhu.